Neman kalmar Hausa: "class" ɗin su Marx, aji ne ko rukuni?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina shirya darasi kan saɓanin Karl Marx da Max Weber, Jamusawa biyu masana zamantakewar al'umma, don ɗalibaina a nan Gusau, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "class". Masu fassara sun saba cewa aji, har ka ji ana cewa gwagwarmayar aji. Ni dai kalmar ba ta kwanta mini ba.

Na gwada ta kan wani dattijo da muke zaman majalisa bayan la'asar. Na ce masa a ra'ayin Marx mutane aji biyu ne. Ya kalle ni ya ce, "Ɗana, wanga aji naka, wa ka yin jarrabawarshi?" Aka fashe da dariya, amma ya kama bakin zaren. Bahaushe ya ji aji, allo da alli yake gani, da yaron da zai wuce gaba baɗi in ya ci jarrabawa. Marx ba haka yake nufi ba. A takardar da shi da Friedrich Engels suka fitar a 1848, tambayar ita ce: wa ya mallaki masana'anta da ƙasa, wa kuma ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa? Ɗan ƙwadago yana iya shekara talatin a gonar wani, ba wanda zai kai shi gaba.

Wani malami daga Kauran Namoda ya ce me ya kai ni wahala, ga talakawa da sarakuna, da su jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ta yi yaƙinta. Gaskiya ne, Malam. Sanarwar Sawaba da NEPU ta fitar a 1950 ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, kuma a bakin Malam Aminu Kano kalmar talaka ta yi nauyin da ba ta taɓa yi ba. Sai dai a asali talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta. Attajirin da ke da tireloli goma, in ya shiga fada, takalmi zai tuɓe ya faɗi gaisuwa, don shi ma talakan sarki ne. Ke nan wannan rabo na iko ne, ba na dukiya ba.

Nan Weber ya fi dacewa da mu. Shi cewa ya yi abubuwa uku ne, kuma ba dole su haɗu a hannu ɗaya ba: abin da kake da shi a kasuwa, mutuncin da jama'a ke ba ka, da ikon da ake samu ta ƙungiya ko siyasa. Dubi mahaucin da ya yi kuɗi, ya gina bene, ya je Makka sau uku, amma ya aika neman aure wani gida a ce a dubi asali. Ga kuma limamin unguwa da rigarsa ɗaya ta Juma'a, in ya yi magana kowa ya yi tsit. Marx zai ce duk wannan kumfa ce a saman dukiya. Ni kuwa na ga auren da asali ya hana.

Amma kada a yi wa Marx gaggawar jana'iza. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, an kammala madatsar ruwa a 1978, ruwa da aikin suka ci gonaki, manoma suka tare hanyoyi kan diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Ba a tambayi kowa asalinsa ba ranar. Maganar ƙasa ce: wa ke da ita, wa aka raba da ita.

An kawo ɗabaƙa daga Larabci. Ma'anar ta yi daidai, amma in ba almajirin littafi ba, wa zai gane? Wata malama daga Argungu ta ce mataki. Hajiya, mataki hawa ake yi, matsalar aji ta dawo. Sahu ya burge ni da farko, sai na tuna a sahun sallah ne kaɗai gwamna ke haɗa kafaɗa da mai gadinsa.

Ga inda na tsaya. "Class" ya zama rukuni: rukunin masu jari, rukunin 'yan ƙwadago, rikicinsu kuma gwagwarmayar rukunai. Jari-hujja da gurguzu dama sun zauna a harshe, rukuni zai shiga tsakaninsu ba tare da ya tsone ido ba. Na biyun Weber ya zama daraja, na ukun iko. Aibin rukuni shi ne faɗi, don har rukunin jini ana cewa, saboda haka a farkon darasi zan riƙa cika shi da rukunin dukiya, in kunne ya saba in yar da wutsiyar.

Na koma wa dattijon nan da ita jiya. Ya yi shiru, ya ce wannan dai ba a jarrabawarta. Ranar Litinin da ita zan shiga aji.