Daren da aka ƙare shirin da kuka daɗe kuna bi, ya kuka kwana?

Maman ƴan biyu, Zariya

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Jiya anka sa kashin ƙarshe na wani shiri mai dogon zango da munka yi wata goma sha huɗu muna bi a gidanmu. Ba zan kama suna ba, kar a ce na ɓata ma wani kasuwa. Akwai wata uwar miji a ciki, ta kashe auren ɗanta, ta kai sunan surukarta wurin boka, ta ƙulla ma yaron gidansu sharrin sata anka kai shi gidan kaso. Tun kafin magariba na sauke tuwo, maƙwabtana biyu sunka shigo da tabarmarsu, Inna ta jawo kujerarta har gaban tele. Kun san abin da anka yi mana? Mota ta banke matar. Sai ga ta kan gadon likita da bandeji a kai tana "ku yafe mini", kowa ya share hawaye ya yafe, rubutu ya hau. Duka bai kai minti shida ba. Inna ta juyo ta ce da ni, "To shi yaron fa?" Ko sunanshi ba a ambata ba. Ku ba mu naku labarin, ko na samu sanyi.

Tela, Sabon Gari

Hajiya, sannu da haƙuri. Masu shirya fim ƙofa ukku ce da su in labari ya sarƙe musu: haɗarin mota, hauka, ko ciwon da ba ya da suna. Ni a shago nike kallo, salula jingine da gwangwanin maɓallai, kuma abin da aikina ya koya mini shi ne riga tun wurin yanka take lalacewa, kalmasa ba ta gyara ta. Mai rubutun tun farko bai san inda za shi ba. In shirin na YouTube ne, kuɗin daga talla suke shigowa, kuma bidiyon da ya wuce minti 8 ana iya tsarma mishi talla a tsakiya. Muddin ana kallo, me zai sa a ƙare? Sai a yi ta ƙaro kishiya, a ƙaro ɗan'uwan da ya ɓace. Ranar da masu kallo sunka ja baya ko ɗan wasa ya yi fushi, a naɗe tabarmar cikin dare ɗaya.

Ɗalibi, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo

Yaya, ba namu kaɗai ba ne. Masu shirin Amurkan nan Game of Thrones kuɗi ba su rasa ba, amma a watan Mayu na 2019 mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake zangon ƙarshe. Kashi 73 ne gaba ɗaya, zangon farko-farko goma-goma, na takwas kuma shida kacal. Matar da aka shekara takwas ana nuna mana tana ƴanta bayi, a kashi na biyar na zangon ƙarshe ta ƙone gari da mutanensa. Ba ƙonawar ce ta ba mu haushi ba, an ɗan nuna alamunta a baya. Saurin ne. Mu biyar muka haɗa kuɗi aka tura mana shi a wurin masu tura fim, muka kalla a kwamfuta ɗaya. Da ya ƙare ba wanda ya ce uffan, wani abokina ya tashi ya tafi wankin kayansa ƙarfe ɗayan dare.

Tsohon malamin lakwal, Bagalam

Ƴaƴana, ku kun ga ƙarshe mara daɗi, mu shekara guda cur anka ƙwace mana. Akwai wani shirin Amurka, Dallas, mu da Faransanci munka gan shi. A 1985 ɗan wasan da ke fitowa a Bobby ya bar aikin, sai anka kashe Bobby da mota, anka yi jana'iza, anka ci gaba. Masu kallo sunka ragu, anka lallaso mutumin ya dawo. To ya za a yi da gawa? A 1986 tsohuwar matarshi ta farka da safe ta tarar da shi yana wanka. Wai zangon nan duka, kashi 31, mafarki take. Ni da na yi ta musu da abokan aiki kan abin da bai ma faru ba! Shi ya sa da anka sauya mai fitowa a Sumayya cikin Labarina, Fati Washa ta karɓi Nafisa Abdullahi, jikokina na ta ƙorafi ni ko a jikina. Mako biyu ido ya saba. Gara a ce maka ga sabuwar fuska da a ce maka barci kake.

Mai shayi, Ali Dan Sofo

Baba, a gafarce ni, ni nawa mai daɗi ne, kuma a lokacin wahala na same shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da Najeriya ta yanke kuran, fadarmu ta koma kallo da batirin pano. Muna bin wani shiri na wani attajiri da ƙanenshi ya cinye ma dukiya. Daren ƙarshe mutum sun fi ashirin a benci, har ƴan kabu-kabu sun kashe mashin sun tsaya. Kowa jira yake a kama ƙanen a ɗaure. Ba a kama shi ba. Dukiyar ma ba ta dawo ba. Abin da anka nuna, tsohon na zaune a zaure yana cin tuwo shi kaɗai, ƙanen ya yi sallama ya tsaya bakin ƙofa ya kasa shigowa. Tsohon bai ɗaga kai ba. Can sai ya tura kwanon gefe kaɗan, daidai wurin zaman mutum ɗaya. Nan anka yanke. Wallahi na manta da butar da ke kan gawayi har shayin ya ƙafe. Wani direba da ke gefena, wanda na san shekara huɗu ba ya magana da wanshi kan gonar gado, ya aje dala ashirin ya tashi bai karɓi kofinshi ba.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli

A'a ɗan nan, ban yarda ba. Mutum ya ci amana ya ƙare da cin tuwo? Yara na kallo fa. Ni in ban ga azzalumi ya ɗanɗana ba, ba a biya ni ba.

Mai shayi, Ali Dan Sofo

Hajiya, ai ya ɗanɗana. Da kin ga tsayuwar nan tashi bakin ƙofa, takalmi a hannu, ga yaran unguwa na kallonshi. Tun kashi na farko an nuna mana su biyun a kwano ɗaya suke ci, shi ya sa tura kwanon ya isa magana. Matar da ke cikin shirin su Maman ƴan biyu ma ai mota ta banke ta, amma ga shi ba wanda ya kwana da daɗi.

Tela, Sabon Gari

Ka ji mai yanka da awo. Ya san da kwanon tun ranar farko.

Maman ƴan biyu, Zariya

Na gode muku duka, Baba Allah ya ƙara lafiya, mafarkin nan ya ba ni dariya har ƴan biyu sunka farka. Ɗazu ƙanwata ta turo mini cewa wai za a yi zango na biyu, kuma yaron gidan kaso zai fito. Na rantse ba zan kalla ba. Inna dai ta kwance bakin zanenta ta ba ni jika biyu, ta ce in cika a biya kuɗin dekoda kafin wata ya mutu.