Zangon ƙarshe kafin Bauchi: abin da 'yan tattaki suka ce

Na tattaro shawarwarin da aka bayar kan masu takowa daga Gombe zuwa Bauchi a ƙafa, tafiyar wajen kilomita 150, a ina za a ƙara guzuri in an kusa.

1. Yawanci sun ce a yi babbar sayayya a Alkaleri, Dindima kuma wajen mararrabar Yankari a cike ruwa kawai.

2. Kowa ya yarda kar a cika jaka, saura kaɗan ne ai. Dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da suga, sai ORS (garin haɗa ruwan gishiri da suga), shi ke nan.

3. Ƙafa kam an daɗe a kanta. Ba a sayen sabon kambas a nan ko da tsohon ya buɗe baki, a kai wa shumeka ya ɗinke, don sabo shi ke tada bororo, a wanke ƙafa a bari ta sha iska a manna filasta sannan a canza safa.

4. A riƙe tsabar kuɗi, netwok kan ba mai POS matsala. A sa waya caji tun ana cin abinci.

Inda aka rabu shi ne kwana. Wasu sun ce a kwana a tashi bayan asuba, wasu kuma sun ce a zarce da tafiya, wai in jiki ya huce ƙafa ba ta sake yarda. Ni dai ina bayan masu kwana, tafiyar dare a gefen titin da tireloli ke gudu ganganci ne wallahi.

Fura da nono ma an ja, wasu sun ce ƙarfi, wasu kasala.