Ana sace mana hatsi da wake a gona, me doka ta ce?

Salamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Don Allah shawara nike nema. Gonarmu tana hanyar Madarunfa, bana Allah ya ba mu damina mai kyau, munka yanke hatsi munka ɗaure munka tara shi tsakar gona muna jiran amalanke, da safe ƙanena ya je ya iske an kwashe dammai da yawa, ga sawun moto har bakin gona, waken ma an tsince gefe guda tas. Ba dabbobi ba ne, mutum ne da buhunsa. Yanzu samarin gidanmu sun ce za su kwana can da sanduna, wanda sunka kama sai dai uwarsa ta haifi wani. Ni kuma hankalina bai kwanta da wannan ba. Akwai wata doka ta musamman kan satar gona a Nijar ko kuwa? Wajen wa zan fara zuwa?

Wani malamin gona:
Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Ka rabe abu biyu ɗan uwa. In dabbobi ne sunka yi ɓarna, wannan yana ƙarƙashin Kod Rural, wato dokar filayen karkara ta 1993, da dokar kiwo ta 2010, ana fara sulhu wajen mai gari ko sarki, a ƙiyasta ɓarna a biya. Amma naka sata ce, dokar laifuka ke hukunta ta kamar kowace sata, kuma shigowa da dare ko cikin ƙungiya yana ƙara mata nauyi. Ka sanar da mai gari yau ɗin nan, ka ɗauki hoton sawun moton kafin iska ta shafe shi, ka samu maƙwabtan gona biyu su shaida, sannan ka kai ƙara jandarmari.

Baba daga Jiratawa:
Yaro ka hana samarin nan. Mu mun ga abin da ya faru a garin Toda na jihar Maradi a 1991, rikicin manoma da makiyaya ne ya ci rai sama da ɗari, yawanci mata da yara, kuma daga zargi abin ya faro. Cikin duhu ba ka san wa ka buga ba, wataƙila makiyayi ne mai wucewa, gobe kai ne a kaso ɓarawon na gidansa. Su kwana a gona ba laifi, su tafi da tocila da waya, in sun kama mutum su miƙa shi hannun hukuma lafiyarsa lau.

Hajiya mai lambu:
Ni abin da ke ci mini rai masu saye ne wallahi. Injin ban ruwa da faifan sola ana cire su da dare a lambunan gulbi, wa ke sayensu? Wake ɗanye da ɓawonsa a kawo ma da asuba a rabin kuɗi ka ce ba ka sani ba? Da za a matsa ma masu saye da satar ta ragu.

Malamin gona:
Gaskiyarki Hajiya, ɓoye kayan sata ko sayensu da sani shi ma laifi ne a doka, matsalar dai hujja. Saniya tana da shaida a jiki, damin hatsi ba ya da ita, da an sussuke shi an zuba a tiya magana ta ƙare. Shi ya sa nike ganin ko an yi sabuwar doka sai ta taɓa kasuwa, a san daga ina kaya ya fito. Kuma tunda babu majalisar dokoki tun 2023, koke irin wannan ta hannun ƙungiyoyin manoma da RECA (haɗakar majalisun manoma ta ƙasa) da sarakuna zai fi saurin isa sama, ku rubuta ku sa hannu ku da yawa.

Wani daga Gidan Rumji:
Mu nan har shanun huɗa 'yan bindiga ke korawa su ƙetara iyaka, Allah ya kyauta. Kai dai kar ka sake barin hatsi ya kwana a gona, ko bashi ka ci ka biya amalanke ranar da ka ɗaure.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na yi ma Baba mai gari waya, ya ce in zo bayan la'asar da shaidu. Malam, in zan je jandarmari da takardar gona zan tafi ko katin ɗan ƙasa ya isa?

Malamin gona:
Katin ya isa, amma in kana da takardar kofo, wato hukumar kula da filaye, ka riƙe ta.