Dan Allah ya ake gane sarauniyar tururuwa, kuma a me zan ajiye ta?

Sabon_shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan ruwa ya ɗauke na tsinci wata ƙatuwar tururuwa tana yawo ita kaɗai a jikin bango, baƙa ce, ta fi waɗanda na saba gani girma sosai kuma ba ta da fiffike. Na saka ta a ƙaramar roba mai murfi. Dama na daɗe ina sha'awar kiwon tururuwa a cikin gilas don in riƙa kallon yadda suke aikinsu, to shine nake tambaya, ya zan tabbatar sarauniya ce ba babbar ma'aikaciya ba? In ita ce, in zuba mata ƙasa da abinci ko yaya? Don Allah masana a taimaka kar ta mutu a hannuna.

Mai_kiwon_ƙwari:
Wa'alaikumus salam Malam. Kar ka tsaya kan girma kawai, akwai jinsunan da sojojinsu ma manya ne masu ƙaton kai. Ƙirjinta za ka duba, wato tsakanin kai da ciki. Na sarauniya kauri gare shi, ya ɗago sama kamar tozo, saboda nan ne tsokar fiffike take. In ka haska da tocilan waya za ka ga 'yan tabo a gefe da gefe inda fiffiken suka karye, don ita da kanta take ɓalle su bayan sun yi barbara a iska. Ma'aikaciya ƙirjinta siriri ne kuma babu tabon nan ko kaɗan. Namiji kuma kansa ƙarami, idanu manya, jiki siriri, shi ba ya ɓalle fiffikensa kuma ba ya daɗewa yake mutuwa. Tunda bayan ruwa ka same ta ita kaɗai ba fiffike, ni dai ina kyautata zaton ita ce.

Ɗan_lab:
Ƙari kan abin da Malam ya faɗa, a tabbatar dai ba shinge ba ne, don shi ma bayan ruwa yake fita kuma yana zubar da fiffike, amma shi dangin gara ne. Tururuwa ƙugunta a tsuke yake kuma eriyar kanta a lanƙwashe take, gara kuwa eriya miƙaƙƙiya, ba ƙugu.

Maganar ƙasa kuma gaskiya kar ka zuba, za ta haƙa ta ɓuya ne ba ka ƙara ganinta, ga fumfuna. Nemi kwalbar gwaji irin ta lab, ka zuba ruwa mai tsabta kamar kashi 1 cikin 3, ka tura auduga da tsinke har ta taɓa ruwan ta toshe shi yadda ba zai kwararo ba sai dai damshi, sai ka saka ta a busasshen gefen ka toshe bakin da busasshiyar auduga don iska ta shiga, ka kwantar da kwalbar a wuri mai duhu da ɗan ɗumi inda rana ba ta bugawa kuma ba a jijjiga wurin. Shikenan fa. Sau ɗaya a sati ya isa leƙawa, in ka dame ta da haske tana iya cinye ƙwanta.

Sabon_shiga:
Na gode ƙwarai. Na haska, tabon yana nan kuwa. Amma abinci fa, yunwa ba za ta kashe ta ba?

Mai_kiwon_ƙwari:
Yawancinsu ba sa cin komai a wannan matakin. Tsokar fiffiken nan da ta daina amfani da ita jikinta ke narkarwa, da kitsen da ta taho da shi, da su take rayuwa har ta ciyar da tsutsotsinta. Amma akwai jinsin da sarauniyar ke fita neman abinci, irin masu siririn jiki da ba su da ƙaton ciki, su dole a ɗan ba su. Daga ƙwai zuwa tsutsa zuwa ma'aikatan farko yakan ɗauki wajen sati 4 zuwa 8, ya danganta da jinsi da zafi, kuma na farkon ƙanana za su fito sosai, kar ka ɗauka wata matsala ce. Sai sun fito ne za ka fara ɗiga ɗigon ruwan sukari ɗaya tak (in ya yi yawa nutsewa suke) da ɗan guntun mataccen ƙwaro, wanda ba a fesa wa maganin ƙwari ba, su manyan sukarin suke sha, tsutsotsi ke buƙatar naman. Abin da ya rage ka cire shi kashegari.

Kuma fa Malam sai da haƙuri, an taɓa kiwon sarauniyar wata ƙaramar baƙar tururuwa da ake kira Lasius niger ta kai kusan shekara 29. Wani lokacin kuma duk ka yi daidai amma ba a barbare ta ba, irin wannan ko ta yi ƙwai maza kawai za su fito.

Ɗan_lab:
Kar ka yi saurin mayar da su babban gidan gilas ɗin nan, in wuri ya yi musu faɗi sai su mayar da rabinsa bola. Bari su kai kamar 20 tukuna, kafin nan ka ɗora kwalbar a cikin roba mai faɗi ka buɗe bakin su riƙa fitowa ɗaukar abinci, ka shafa hoda ta jarirai a saman bangon robar ta ciki don kar su haura. In ruwan ya ƙare ko audugar ta yi baƙi, haɗa sabuwar kwalba baki da baki da salatif, ka rufe sabuwar da takarda ka bar tsohuwar a haske, da kansu za su kwashe ƙwai su koma, kar ka zazzage su.