Baƙar ƙura mai sauya siffa: na'urorin nano ne ko haɗin bidiyo?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Wani bidiyo na yawo a WhatsApp, baƙar ƙura ta taru ta zama hannu, ta watse ta koma makulli. Wai 'yan mitsi-mitsin mutum-mutumi ne, nan gaba za a zuba su a rijiyar burtsatse su yashe ta, ko a ɗura wa mara lafiya su yi masa aiki ba fiɗa. Malamai, ina gaskiyar take?

Malamin kimiyya, Birnin Kudu:
Wa alaikumus salam. Mu fara da girma. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin silin gashi kuwa ya kai nanomita 80,000. Abu mai wannan ƙanƙanta ba shi da mazaunin batir, balle kwamfuta.

Gungun ƙananan mutum-mutumin da ya yi suna wajen jera kansa shi ne Kilobot na Jami'ar Harvard, a 2014. Guda 1,024 ne, kowanne faɗinsa santimita 3.3, yana tafiya da jijjiga, yana auna tazarar maƙwabcinsa da hasken da ido ba ya gani. Sai sun kwashe wajen awa 12 kafin su fitar da tauraro ko harafin K. Ka ga ba nano ba ne, kuma ba sauri.

Ƙananan na gaske ƙwayoyin baƙin ƙarfe ne, ba su da tunanin komai. Maganaɗisu ne daga waje yake jera su. A 2022 masana a Jami'ar Pennsylvania sun sa irinsu suka miƙe tamkar gashin buroshi, suka kuma zama zaren sakace, suka kankare dattin haƙora a ɗakin gwaji.

Mai gyaran lantarki, Gumel:
Malam ya gama magana, amma gani ya kori ji. Ɗan'uwa, ciro maganaɗisun tsohuwar lasifika, ka sa shi a leda, ka ja shi cikin busasshen yashin rafi. Baƙin garin da ya manne, zare maganaɗisun daga ledar ya zube a takarda. Tara rabin cokalin shayi, ka zuba a ƙaramar kwalba mai man gyaɗa. Kara maganaɗisu a gindinta, garin zai miƙe tsinke-tsinke. Juya shi, su kwanta su bi. Masu bincike koyil suke amfani da shi, wato naɗaɗɗiyar waya mai zama maganaɗisu in an sa mata wuta, suna sauya ƙarfin wuta da saurin juyawarta, siffar ta sauya.

Kada ka sa ruwa in akwai garin ƙarfen walda a ciki, tsatsa zai yi. In ka cika garin, dunƙulewa zai yi ya ƙi motsi. Kuma ja maganaɗisun baya da faɗin tafin hannu ka gani, komai ya zube.

Ma'aikaciyar jinya, Bichi:
Batun jiki ya fi haka wuya, Malam. Furotin na jini yana lulluɓe ƙwayoyin nan da nan, hanta da saifa su tace mafi yawansu kafin su isa inda ake so. In kuma suka dunƙule a siririyar jijiya, toshewa ce. Gwajin da ake yawan ambato na 2018 ne, na masanan Sin da Jami'ar Jihar Arizona: an naɗe DNA, wato zaren ƙwayar halittar gado, ya zama bututu ɗauke da sinadarin daskarar da jini, ya buɗe a jijiyar da ke ciyar da ƙarin ciwon daji. A jikin ɓeraye aka yi. Duk wanda ya zo kasuwa da "allurar nano" yau, kuɗinka yake nema.

Ɗan Ringim:
Allah ya saka da alheri. To rijiyar fa?

Mai gyaran lantarki, Gumel:
Maganaɗisun da ya gaza a faɗin tafi, ina zai kai zurfin rijiya mai mita 40? Kira masu kwamfuresa su hura ta da iska.