Waɗanda suka kai yara Gidan Tarihi na Jos, me kuka gani?

Maman Khalifa, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in kai yarana Gidan Tarihi a hutun nan, amma babban ya ce wai gumaka ne kawai a cikin gilashi. Don Allah waɗanda suka je ku ba ni labari, in san ta inda zan fara.

Malamin firamare, Gangare:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Na kai 'yan aji shida bara. Da muka shiga wurin kayan Nok, wato gumakan yumɓu na mutanen zamanin da, kallo kawai suke yi, ba mai tambaya. Sai jagoranmu ya ce wajen haƙar kuza aka fara tono irinsu a 1928, kuma akwai wani kai na yumɓu daga Jama'a da ya yi zaman mutum-mutumi a gonar doya kafin ya shiga hannun Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan a 1952. Nan aji ya kaure da surutu. Yawancinsu jikokin 'yan kuza ne, wani ma ya tambaya ko kakansa ya taɓa tono irinsa. Ki nemi jagora, kada ki zagaya da su ke kaɗai.

Tsohon magini, Unguwar Rogo:
Ni kam Hajiya, cewa zan yi ki fara da ɓangaren gine-ginen gargajiya. Akwai ganuwar Kano, akwai kwafin Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu. Ranar da na kai jikana, na tsayar da shi ƙarƙashin bakan rufin masallacin na ce ya ɗaga kai. Ba siminti, ba rodi, azara ce aka jera gaɓa-gaɓa aka ɗaure, aka lulluɓe da ƙasa. Ya dafa bango ya ji sanyi alhali waje rana ake ƙwallawa. Wallahi sai da na yi ƙwalla, don mahaifina da tubali ya ciyar da mu, ni kuma bulo na ƙare da shi. Ginin ƙasa yaɓe yake so kafin kowace damina, kuma masu hannun yin sa ƙarewa suke. Da za a riƙa zaunar da magini a wurin yana kwaɓa ƙasa yara na mulmula tubali, da ni ne na farkon zuwa, ko ba ko sisi.

'Yar Dilimi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, maganarka ta taɓa ni. Mu a zauren tukwane muka daɗe. Ƙanwata ta ga randa irin ta kakarmu, sai na ciro naira ashirin na nuna mata Ladi Kwali a baya tana ginin tukunya. Har yau takardar tana cikin littafinta, ta ƙi kashewa.

Maman Khalifa, Rikkos:
Na gode ƙwarai. Asabar za mu je in Allah ya yarda. Baba, in kana da sarari ka zo ka nuna musu bakan nan da kanka, kuɗin Keke a wuyana.