Hanya ta toshe a kan tsauni: wuta ko waƙa?

Tsohon Direba:
Assalamu alaikum. Ga jigo: matafiya sun maƙale a hanyar tsauni, dare ya yi, wani ya buɗe musu gida, wani kuma ya tayar da waƙa. Wanne ya fi yi musu rana? Amsa-amona "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Mai tsauni da kwari, Mai rayawa.
Hanya ta hau dutse tana lanƙwasawa,
Ƙanƙara ta sauko tana rufewa.
Gaba ta toshe, baya ba komawa,
Motoci sun jeru babu motsawa.
Can ga fitila guda tana haskawa,
Mai gida ya ce ku shigo, ba tsayawa.
Bai tambayi gari ko asalin kowa,
Ya hura wuta, ya ba da wurin kwantawa.
Ni kam na ce wuta ce mai cetowa,
Waƙa sai an ƙoshi ake rerawa.

Uwar Baitoci:
Wa alaikumus salam, Baba Direba.

Baba ka yi gaskiya, ba na musantawa,
Sai dai rabi ka faɗa, ga ragowa.
Sanyin tsauni ba ya zuwa da tsawa,
Barci yake kawowa yana lallaɓawa.
Wanda ya gyangyaɗa da wuya farkawa,
To me zai hana idonsa rufewa?
Ɗaya ya ja baiti, goma na karɓawa,
Hannu na tafi, jini na zagayawa.

Ba zancen mawaƙa kaɗai ba ne. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum kan fara da rawar ɗari, sai harshe ya yi nauyi, sai barci. Waƙa mai amshi kuwa tana tona wanda ya yi shiru.

Mai Gardama:
Hajiya, a gafarce ni, na koma "ya". Wannan "wa" taku ta yi arha, kowane aikatau ka ja masa wutsiya ya zama baiti.

Kun mai da azaba kamar tatsuniya,
Ku dubi Salang ku ga aikin gaskiya.
Daga Kabul zuwa arewa ita ce hanya,
Cikin Hindu Kush, dutse ba tausaya.
A 2010 ƙanƙara ta zubo gaba ɗaya,
Fiye da 160 suka bar duniya.
Wa ya kaɗa garayar rubab a ranar wuya?
Shebur aka nema da masu jinya.

Ku ƙara da Murree ta Pakistan a Janairun 2022. Fiye da mutum 20 suka rasu a cikin motocinsu, wasu sanyi ne, wasu hayaƙin inji. Wace waƙa ce ta je musu?

Tsohon Direba:
Ɗana, nan ka shigo gonata. In ƙanƙara ta toshe salansa, hayaƙi ciki yake komowa, kuma gubarsa ba ta da wari.

In ka maƙale, ɗana, ka saurari tsoho,
Kar ka rufe gilas ka ce ai oho.
Tone salansa, ka ɗan sassauta taga,
Kunna inji kaɗan, kashe, ka ɗaga.
In akwai gida kusa, ka gan shi da ido,
Ku tafi a ayari, kar ka yi gaddo.

Amsa-amon ya watse, na sani. Gara ya watse a ji maganar.

Ƙanwar Mawaƙa:
Baba, "gaddo" kuma wace Hausa ce? Mun yafe saboda furfura. Yaya Mai Gardama, ga taka, kuma da "ya" ɗinka.

Yaya, ka kawo mutuwa ka yi shiru da jiya,
Akwai masu gadin tsauni tun dauri a duniya.
Tsakanin Suwizalan da ƙasar Italiya,
Mashigar Sen Banad, can ƙololuwar hanya,
Mita 2,469, iska kamar bulaliya,
Masauki na nan don kowane matafiya.
Tun wajen 1050 ƙofar ba ta juya baya,
A da, da karnuka suke fita neman wanda ya sha wuya.
A Obrak ta Faransa in hazo ya rufe hanya,
Ƙararrawa ake bugawa a zamanin da, Yaya,
Ɓatacce ya bi amo ya iso lafiya,
Kunne ya kai shi wuta, ido bai ga ko ɗaya.

Makiyayan tsaunukan Alps ma da dogon ƙahon katako da kirari mai karya murya suke kiran juna daga wannan gefen kwari zuwa wancan. Kafin a mai da shi abin nishaɗi, aiki yake yi.

Mai Gardama:
Ƙanwata, ƙararrawa ba waƙa ba ce. Amma na karɓi rabin.

Uwar Baitoci:
To bari in kawo ɗaya rabin, don shi ne ya fi damuna. Ku duk kuna kallon mai gida, ba wanda ya dubi halin baƙo.

Baƙo ya ci, ya sha, ya ji ɗumin murhu,
Ya zaro kuɗi, mai gida ya haɗe rai, ya ƙi.
Nauyin alheri na danne mai mutunci,
Harshe bai zo ɗaya ba, da me zai yi godiya?
Sai ya jawo waƙar da uwarsa ta rene shi da ita,
Mai gida bai ji kalma ba, ya gane ta yaye ce.
Shi ma ya mayar da tasa, an biya juna,
Ba wanda ya kwana da bashin wani.

Na bar amsa-amo da gangan, kar a ce na ja wutsiya. A Jojiya, inda dusar ƙanƙara kan tsayar da manyan motoci a mashigar Jvari, suna cewa baƙo daga Allah yake. Waƙarsu ta gargajiya kuwa murya uku take ci, kowace da hanyarta, har UNESCO ta karrama ta a 2001. Mutum ɗaya ba ya iya rera ta. Mai gida da ɗansa biyu ne, na ukun fa?

Mai Gardama:
Hajiya kin iya zance, na ba ki kujera,
Amma akwai wanda kuka manta a jera:
Baƙon da muryarsa ke korar ɓera,
In ya ja baiti jariri ya fasa ƙara.
Ni ne wannan, ba sai kun yi ishara,
Ku ba ni gatari in je in yi sara.
Ku yi ta amshi har gari ya yi fara,
Itacen wutarku ni zan tara.

Tsohon Direba:
Ka ga, an dawo kan wutata. Ɗauko gatarin, ɗana, amma kar ka yi nisa da fitila.